Shafin da Ya Manta Bai Rufe Ba

Abin da ya kusa raba su bai kai girman ƙwayar magani ba. Maɓalli ɗaya ne aka danna cikin sauri, ranar wata Talata da rana, kuma wanda ya danna shi shi ne mutumin da ya fi kowa gargaɗin mutane a kan wannan maɓallin. Amma bari a fara daga farko.

Auta tana aiki a kantin magani. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mutum mai yawan damuwa, irin wanda idan ya kulle shago sai ya dawo ya sake girgiza kwaɗon. Shekara guda yana zuba kuɗi a asusun ajiyar wata-wata, wanda banki ya ce ribarsa kashi shida cikin ɗari ce. Da shekara ta cika ya zauna da fensir ya lissafa, sai ya ga abin da aka ba shi bai fi rabin haka ba.

"Sun cuce ni, Auta," ya ce. "Da murmushi suka cuce ni."

Don hankalinsa ya kwanta, Auta ta shiga wani zaure na intanet inda masu irin wannan ajiya ke tattaunawa. Ta kwafo jadawalin da ta yi a kwamfuta ta liƙa. Sai lambobin suka cakuɗe, watanni suka hau kan kuɗi, kuɗi suka hau kan riba. Wasu suka yi ta dariya. Mutum ɗaya ne ya amsa da hankali, wanda kowa a zauren ke kira Mai Jadawali.

"Sannu da ƙoƙari. Na jera miki lambobin, ga su a ƙasa. Ba a cuci Baba ba. Kuɗin watan farko ne kaɗai ya yi wata goma sha biyu a banki, na ƙarshe wata ɗaya ya yi, shi ya sa ribar ta zama kamar rabi. Nan gaba ki danna alamar jadawali kafin ki liƙa. Kuma kada ki taɓa saka link, wato adireshin da ke buɗe fayil ɗinki gaba ɗaya, duk abin da ke ciki mutane za su gani."

Auta ta karanta wa Baba. Ya sake lissafawa sau biyu, ya ajiye fensir.

"Yaron nan ya san abin da yake yi," ya ce. "Amma fa mutumin waya ne."

Godiya ta zama tambaya, tambaya ta zama hira. Ashe Mai Jadawali ma'ajin kaya ne a wani kamfanin tayoyi, kuma tsakanin wurin aikinsa da kantin Auta tafiyar mota ɗaya ce. Wata ranar Alhamis wani dogon saurayi ya shigo kantin, da biro biyu a aljihun riga, ya tsaya yana karanta kwalayen magani kamar zai yi jarrabawa.

"Me za a ba ka?" in ji Auta.

"Maganin tari."

"Ai ban ji kana tari ba."

Ya yi tari sau ɗaya, na ƙarya. Ta dube shi, ta dubi birukan nan biyu, sai dariya ta ƙwace mata.

"Malam Jadawali, kai ne?"

"Ni ne. Don Allah ki sayar mini da maganin, kar in fita hannu wofi a ce na zo zance."

Daga ranar saƙonni suka yawaita. Shi yana kiran ta Kashi Ɗari, wai duk bankunan da ya auna babu mai ba da irin wannan riba.

"Kashi Ɗari, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, ko an saka kuɗin abincin a asusu?"

"An saka rabi. Rabin da ya rage na sayi kati don in ji muryarki."

"Malam Jadawali, wataran sai ka saka ni a layi ka ba ni lamba."

"Ke ce jimillar. Ba a saka jimilla a layi."

Ya zo gida ya gaida Baba da Mama, ya zauna a bakin kujera yana sunkuyar da kai. Baba ya yaba da ladabinsa. Amma wata shida ya wuce, takwas ya wuce, aka shiga na goma, iyayensa ba su zo ba. Duk wanda ya haifi 'ya mace ya san irin wannan jira. Kana cin abinci, kana ƙirga kwanaki.

Ga kuma wani mai neman aurenta, ɗan aminin Baba, ma'aikacin banki, wanda Auta ke kira Mai Kwat don ko ana zafi ba ya cire kwat. Shi ma yana cikin zauren, yana yawan gyara wa mutane magana. Yakan zo shago da agogon da lafiyarsa ƙalau, ya ce a duba masa.

"Baba, ni a shirye nake," yakan ce. "Ba na buƙatar jadawali kafin in san ina son mutum."

Wata safiya Baba ya kira Auta shago. Ya cire tabaron gyaran agogo daga idonsa.

"Ba zan zaɓa miki miji ba, Auta. Amma ba zan zuba ido mutum ya riƙe ki kamar agogon da aka kawo gyara aka manta ba. Ki gaya masa, zuwa ƙarshen watan nan. In iyayensa ba su zo ba, ya daina zuwa gidana."

Auta ta aika wa Mai Jadawali saƙo. Amsa ta zo bayan ɗan lokaci.

"Kashi Ɗari, ki roƙar mini Baba wata huɗu. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauko ki daga gidan da ba ki rasa komai ba in kai ki ɗakin da babu kujera. Saura wata huɗu in kai abin da na ƙayyade."

Baba ya ji, ya girgiza kai. "Wata huɗu yau, wata huɗu gobe. Na faɗi tawa."

Ana cikin haka ranar Talatar nan ta zo. Mutanen zaure suka roƙi Mai Jadawali ya saka musu sabon jadawalin da yake kwatanta asusun bankuna, wanne ya fi riba, wanne ke hana cire kuɗi kafin shekara. Motar tayoyi na jiran sa a ƙofa, kansa kuma na kan maganar Baba. Maimakon ya kwafo jadawalin kawai, sai ya saka link ɗin fayil ɗin gaba ɗaya, ya jefa waya a aljihu ya tafi ƙirga tayoyi.

Fayil ɗin shafi biyu ne. Na farko na bankuna. Na biyu an rubuta a samansa: "Gidan Auta."

Akwai layin wata, akwai layin kuɗi, akwai kuma layin bayani. "Jiya na gan ta, ta gane tarin ƙarya ne." "Na fasa sayen takalmi, tsohon zai kai." "Ta ce tana son labule mai ruwan toka." "Ta yi fushi kwana biyu, na ƙara ajiya don in huce."

Kafin ya sauke taya ta ƙarshe, zaure ya ɗauka. Wani ya rubuta, "Malam, wane banki ne ke ba da wannan asusun?" Wata ta ce, "A saya wa bawan Allah takalmi mana." Mai Kwat kuwa ya rubuta, "A sama an ce saura wata huɗu. Masu shiri ba sa jira."

Mai Jadawali ya goge link ɗin, amma an riga an ɗauki hoton shafin.

"Duniya ta san kalar labulena," Auta ta rubuta masa. "Kai da ka ce kar a taɓa saka fayil gaba ɗaya."

"Na yi kuskure, Kashi Ɗari. Ki yafe mini."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau. Ni ban ce ina jiran kujera ba. Kai ka ɗora wa kanka, ga shi za ka rasa ni a kan lamba."

Ta kashe waya. Kwana uku tana ba mutane magani ba murmushi. Mama ta yi ta bin ta da ido.

A rana ta huɗu Baba ya buɗe shago ya tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Shafin nan ne na Gidan Auta, an buga shi a firinta, ba suna, ba saƙo. Da farko ransa ya ɓaci ganin sunan 'yarsa a takardar da duniya ta karanta. Sai ya saka tabaronsa, ya ɗora rula a kan layin farko, ya fara bi a hankali. Ya ga wata goma, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya ga maganar takalmi, ya tuna takalmin da yaron ya cire a ƙofar falo, wanda aka yi wa ɗinki a gefe.

Baba bai yi karatu mai zurfi ba, kuma bai taɓa yarda da jimillar da ba shi ya haɗa ba. Ya ɗauko fensir. Ya haɗa, ya duba lambar da ke sama, ba su yi daidai ba. Ya sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama. Ya ari kalkuletar maƙwabcinsa mai sayar da gilashin ido. Amsa ɗaya ce.

"Auta," ya ce da ya kira ta a wayar kantinsu, "ki ce wa yaron nan ya zo shago da kwamfutarsa. Yanzu."

Mai Jadawali ya iso yana gumi. Auta na tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi kallon sa. Agogo kusan talatin suna ta bugawa a bango.

"Zauna," in ji Baba. "Waɗannan layuka huɗu na can ƙasa, na mene ne?"

"Ƙari ne, Baba. Asusun wata-wata ba ya karɓar fiye da abin da aka yanke a wata. To kuɗin aikin ƙarin lokaci sau uku, da na keken da na sayar, sai na zuba su a wani asusu dabam na rubuta a ƙasa."

"Ka sayar da kekenka?" Auta ta ce, ta manta tana fushi.

"To na haɗa da su na samu wannan," Baba ya tura masa takarda. "Na'urarka ta samu wannan. Cikinmu wa ya yi ƙarya?"

Saurayin ya buɗe kwamfuta, ya danna gidan jimilla, ya tsaya cak. Ranar da ya tsara shafin, layukan watanni kaɗai ya ce wa kwamfuta ta haɗa. Layuka huɗun da ya ƙara daga baya suna waje, ba ta taɓa ƙirga su ba. Shi kuma ya yarda da ita ido rufe. Ya gyara, ya danna. Inda aka rubuta "saura wata huɗu" ya koma sifili, har da ɗan rara.

"Tun watan jiya na kai," ya faɗa a hankali.

"Tun watan jiya," in ji Baba. "Ka sa ni rashin barci, ka sa 'yata kuka, a kan layi huɗu. Kai ne kuma malamin mutane."

Auta ta toshe baki, dariya da hawaye suna fita tare. "Malam Jadawali, fensir ya kayar da kwamfuta."

"Na karɓi kaye, Kashi Ɗari. Yau an yarda in kira sunan?"

"A gaban Baba? Ba ka da kunya."

Baba ya yi kamar yana neman wani ƙaramin dunƙulen ƙarfe a teburinsa. "Ka gaya wa iyayenka ina gida ranar Asabar. Kuma wannan rarar, ka sayi takalmi. Ba za ka shigo mini taro da wancan ba."

Iyayensa suka zo saura kwana biyar wata ya ƙare. Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mutanen zaure su bakwai suka halarta, kowa na gabatar da kansa da sunansa na intanet, suka kawo labule mai ruwan toka. Mai Kwat ma ya zo, da kwat ɗinsa, ya yi wa ango murna kamar mutumin kirki.

Da za a tafi da amarya, Baba ya ba ango agogon bango da ya gyara da hannunsa, da fensir guda.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Ka riƙe mini ita da kyau. Kuma duk abin da na'ura ta gaya maka, ka sake haɗawa da hannu."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Takardar tana nan a aljihun teburin Baba, tare da tabaronsa. Baba ya tambayi Mai Kwat, shi kuwa ya rantse ba shi ya kawo ta ba. Auta ta ce a kwanakin nan ko waya ba ta kunna ba. Mama ta ce ita ina ta san firinta, ta ci gaba da ninke kaya. Har yau ba a san wanda ya turo takardar ta ƙarƙashin ƙofa ba, ba a kuma san ko don ya ɓata ya yi ko don ya gyara ba.