Barcin Amarya a Cikin Tanti

Takalmin fita Auta ya durƙusa nema a ƙarƙashin gado, sai hannunsa ya ci karo da akwati. Ya jawo shi. Jan akwatin nan ne da Amarya ta tare da shi shekara uku da suka wuce, wanda mazauninsa saman wadirob ne. Yau an goge shi tas, ga shi da nauyi. Ya ɗan zuge zif. Atamfofinta ne a ninke, da takardun makarantarta, a sama kuma hoton mahaifiyarta. Ya san wannan ba haɗin kayan zuwa biki ba ne. Matarsa shirin barin gidan take.

Daga ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ya jiyo wayar Amarya tana ƙara, sannan muryarta a gajiye: "Inna, bari in juya ki. Bismillah!"

Wata biyar da aurensu Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce duk bayan awa biyu sai an juya ta, dare da rana, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo. Auta mai walda ne, ya fita tun safe, ya dawo ido jajur, ya faɗi ya hau minshari. Yayyensa mata biyu, Yaya Babba da Anti Malama, ranar Lahadi suke zuwa, su cika ɗakin da turare, su duba zanin gado, su taɓe baki, su tafi. Saboda haka juyi da wanka da wanki da ba da abinci duk suka zube kan yarinyar da har yau dangi ke kira Amarya, sunan da ba ta ci moriyarsa ba ko na wata shida. Shi kuwa gogan naka magani ɗaya ya sani: "Ki yi haƙuri." Ya ba ta shi safe da yamma har ya daina yi mata aiki.

Ya mayar da akwatin inda ya gan shi, ya taɓa aljihunsa. Tikiti biyu ne a ciki. 'Yan wasan nan masu yawo gari-gari da ƙaton tanti, waɗanda yara ke ce wa sakos, sun sauka a filin bayan tasha. Shi ya yi musu waldar bencinan 'yan kallo, manajansu ya ba shi tikitin kyauta. Tun suna zance a ƙofar gidansu Amarya ta taɓa ce masa, "Injiniya, in dai ka isa, wata rana ka kai ni in ga matar nan mai tafiya a kan igiya." Rabon da ta kira shi Injiniya har ya manta.

Ƙarfe huɗu saura Yaya Babba ta yi sallama, tana huci tun daga tsakar gida.

"Kai Auta! Wai da gaske don wasan yara ka taso ni daga gidana? Uwarka na kwance, kai kana yawon shan iska da mata?"

"Awa uku ne kawai, Yaya. Don Allah."

"To ku tafi mana! Me ake yi a jinyar nan da kullum ake mana gori?"

Amarya ta fito tana goge hannu, ta rusuna ta gaishe ta. "Yaya, na juya ta yanzu, sai ƙarfe shida kuma. Ga wayata na bar miki, za ta yi ƙara. In za ki juya ta, ki fara lanƙwasa ƙafar da..."

"Ke! Uwata za ki koya mini? Tun ba a haife ki ba nake tare da ita!"

Amarya ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai kamar kullum. Ta yafa gyalenta ta yi gaba.

Suka hau tasi. Ya nuna mata sabon gidan kallon da aka buɗe, ya nuna mata shagunan da suka kunna fitilu tun rana ba ta faɗi ba, ita dai "uhm" kawai. A bakin filin kiɗa na tashi, yara na ihu a kan wani lilo mai juyawa, masu gugguru na kiran ciniki. Ya sayo mata askirim, ta riƙe shi har ya fara narkewa a yatsunta.

"Ba ki sha ba."

"Zan sha."

Suka shiga tantin. Ya kai ta layi na uku, ya buga bencin da tafin hannu. "Kin ga wannan? Aikina ne. Ko giwa ta zauna ba zai motsa ba."

"Ya yi kyau," ta ce, ba ta ko duba ba.

Aka kashe fitilu, ganguna suka ɗauka. Wani ɗan barkwanci mai jan hanci da takalma kamar kwale-kwale ya fito da bokiti, ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya sake yin tuntuɓe da bokitin nasa. Amarya ta yi dariya, 'yar gajeruwa, sau ɗaya tak. Daɗi ya kama Auta har ya juyo zai yi mata magana, sai ya ji kanta ya sauka a kafaɗarsa. Ta yi barci. Ga ganguna, ga tafi, ga wani ƙato yana haɗiyar wuta yana fesowa, ita kuwa baiwar Allah ta tafi, baki a ɗan buɗe.

Da farko haushi ya ji. Duk wannan faɗi-tashin, da zagin da ya sha wurin Yaya, a ce barci za a zo yi? Sai wayarsa ta fara zuzu a aljihu. Ya san mai kiran. Tunda yake bai taɓa barin kiran Yaya Babba ya katse ba, ko yana saman tsani da wutar walda a hannu. To amma wayar tana aljihun da Amarya ta danne, in ya zaro ta sai ta farka. Ya dubi fuskarta a hasken da ke giftawa: ƙasan idonta ya yi baƙi, kumatun da ya aura sun zube. Hannunta na kan gwiwarsa, yatsun duk sun tsattsage saboda sabulu da ruwa, sun fi nasa kaushi, shi da ke kokawa da ƙarfe. Kunya ta rufe shi. Wayar ta yi zuzu ta gaji, ta sake, ta sake. Ya bar ta.

Can sai aka yi tsit. Wata siririyar mata da laima ja ta hau igiya, can ƙololuwar tanti. Ya ɗaga hannu zai tashi Amarya, ya fasa. Ya buɗe ido sosai ya shiga kallo na mutum biyu, yana haddace komai: yadda ta fara da ƙafar hagu, yadda ta tsaya a tsakiya igiyar na rawa, yadda ta durƙusa, ta yar da laimar, jama'a suka ce "Wayyo!" Kafaɗarsa ta yi tsami, hannunsa ya mutu, bai motsa ba.

Matar ta sauka ke nan ana tafi, sai Amarya ta zabura. Ido a rufe ta cafki kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta tura ƙarƙashin gwiwarsa, ta ce da ƙarfi, "Inna, bari in juya ki. Bismillah!"

Wasu 'yan mata a bayansu suka tuntsire da dariya. "Kai, anti ta yi nisa!" Auta ya dubi agogonsa. Shida daidai. Babu waya, babu ƙararrawa, jikinta ne ya riƙe lokacin.

Ta buɗe ido ta ga inda take, ta ga ana kwance igiya. "Ta wuce?" ta tambaya a hankali. "Mai igiyar ta wuce?" Ya gyaɗa kai. Ta rufe fuska da gyale ta miƙe, ya bi ta waje.

A bayan tanti, kusa da janareto, ta zauna a kan wani dutse tana kuka mara sauti.

"Abu ɗaya na taɓa roƙonka, ka kawo ni, na zo na yi barci. Ka ga abin da na koma?"

Ya tsuguna a gabanta. "Na ga akwatin."

Ba ta yi musu ba. "Gobe da safe zan tafi gidan Baba. Wallahi ba don Inna ba. Inna uwata ce, ko da ido take sa mini albarka. Kai ne. A zage ni a gabanka, ka sunkuyar da kai. In kwana a tsaye, ka ce in yi haƙuri. Na yi, har ya ƙare. Na gaji, ka ji? Na gaji!"

Bakinsa ya buɗe zai furta kalmar nan tasa, ya kama ta da ƙyar ya haɗiye. Hawaye suka zubo masa.

"Shekara biyu da rabi, ban san yadda ake juya uwar da ta haife ni ba. Sai yau da kika kama ni na san ta ƙafa ake farawa. Ba zan hana ki tafiya ba, kina da gaskiya. Amma ki koya mini kafin ki tafi."

Ta dube shi. Sannan ta share ido ta ce, "Tashi mu je. An wuce lokacinta."

Ana kiran magariba suka shiga gida. Yaya Babba na tsakiyar ɗakin Inna, ɗankwali ya zame, gyale ɗaure a ƙugu, zufa sharkaf. Ruwa ya zube a ƙasa, filo ɗaya na bakin ƙofa, Inna kuwa na kwance a karkace, mataccen hannunta a danne ƙarƙashinta.

"Sannunku da shaƙatawa! Kira nawa na yi maka, Auta? Ta ƙi cin abinci, ta ɓata zani, na zo juya ta bayana ya amsa! Ke kuma kin tsaya kina kallona, ba za ki zo ki..."

"Yaya." Wannan karon Auta bai sunkuyar da kai ba. "Awa uku kika yi. Ita shekara biyu da rabi take yi, ba Lahadi ba Litinin. Uwarmu ce, mu uku ta haifa. Daga yau ba mai sake ɗaga mata murya a gidan nan. Dare nawa ne, ni zan riƙa tashi. Ke da Anti Malama kowa ta zaɓi ranakunta."

"Lallai! Ni kake faɗa wa haka? An shanye ka!"

Sai wani sauti ya fito daga kan gado. Inna ce, wadda sai ta yini ba ta haɗa kalma biyu ba. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta kamo bakin gyalen Amarya, ta karkata baki da ƙyar.

"'Ya... ta... ta gaji. Ku... ji... tsoron Allah."

Yaya Babba ta zauna daɓas a bakin gado, ta dubi uwarta, ta dubi ruwan da ta zubar, sai ta fashe da kuka. "Wallahi ban san haka abin yake ba, Amarya. Ki yafe mini. Talata da Alhamis nawa ne, ita ma Malama zan kira ta yanzu."

Auta ya naɗe hannun riga. Amarya ta tsaya a bayansa tana nuna masa: ya lanƙwasa ƙafa, ya ɗora hannun a ƙirji, ya riƙe kafaɗa da ƙugu, ya jawo ta wajensa a hankali, ya sa filo a baya da tsakanin gwiwoyi. Sau biyu yana kuskurewa. A na uku Inna ta kwanta daidai, ta sauke ajiyar zuciya. Ya ɗauki wayar Amarya ya kashe ƙararrawar, ya saita ta a tasa.

Da suka koma ɗaki ya jawo jan akwatin ya ajiye a gabanta, ya koma gefe ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi akwatin. Ta zuge zif, ta ciro hoton mahaifiyarta ta mayar da shi kan madubi.

"Sauran sai na ga kamun ludayinka," ta ce. Ta hau gado ta jingina da filo. "To Injiniya, ba ni labari. Da wace ƙafa ta fara?"

Ya miƙe tsaye, ya ɗauki laimarsu, ya ɗora ƙafar hagu a kan layin siminti yana tangaɗi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ya kai inda matar ta durƙusa a tsakiyar igiya, barci ya sake kwashe ta. Ya ja mata bargo, ya ɗauki wayarsa ya nufi ɗakin Inna, don takwas ta kusa.

Bayan sati uku akwatin ya koma saman wadirob. Haƙurin Amarya bai faɗi ƙasa banza ba, amma saura ƙiris a yi asararsa. Duk wanda Allah ya ba mace mai haƙuri, kada ya zauna yana ce mata ta ƙara. Ya tashi ya kama mata kayan, tun kafin ya tarar da akwati a ƙarƙashin gado.