Malam Arba'in da Uwar Ɓeraye

Ranar da ya fara shiga ɗakin da ake kiwon ɓerayen gwaji, sauri yake yi, fom a hannunsa. Bincike yake yi a kan sabon maganin hanta, kuma ɓeraye arba'in yake so.

Budurwar da ke kula da su ta karanta fom ɗin, ta ɗago ta dube shi.

"Me ya sa arba'in?"

"Haka aka saba."

"Wa ya saba? Kai ko su?"

Digiri biyu gare shi, amma ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Washegari ya dawo, wai ya zo da amsa. Amsar ba ta gamsar da ita ba, shi kuwa daɗi ya ji, don ya sami dalilin sake dawowa.

Ta sa masa suna Malam Arba'in, shi kuma yana ce mata Uwar Ɓeraye. Tana nuna masa mai tsoro da mai faɗa a cikin keji, yana yi mata bayanin yadda magani ke bin jini. Kafin su farga, so ya kama su.

Mahaifinta likitan dabbobi ne, shekara talatin yana aikin. Da ya ji sana'ar yaron, ya ce atafau.

"Ni in ɗinke, shi ya yanka, sannan in ba shi 'yata? Ba da ni ba."

Daga nan Malam Arba'in ya ɗauke ƙafa, har mako uku. Ta yi kuka ta gaji, sannan ta tura masa saƙo:

"Maganar Baba ce ta kore ka? Ko sallama babu?"

Ya amsa: "Haba, sanyin idona. Zo ɗaki na uku a wurin aikinmu da safe ki ga inda na ɓuya."

Ta same shi tsakanin ƙananan farantai. Ya ce ƙwayoyin hantar mutum ne ake rainonsu a ciki, a kansu ya fara gwada maganin.

Ta leƙa madubin na'urar da ke ƙara girman ƙwayoyin. "Suna jin zafi?"

"Ba sa ji."

"To ka bar min ɓerayena?"

"Har yanzu ina buƙatar sha biyu. Faranti ba shi da ƙoda, ba shi da zuciya. Ba zan bai wa mutum abin da bai ratsa jiki mai rai ba."

Ba ta so amsar ba, amma ta ji daɗin gaskiyar.

Haka ya maimaita a gaban mahaifinta, yana durƙushe, gumi na zuba. Tsohon ya yi ta tambaya a kan farantan nan kamar ɗalibi, sannan ya ce:

"Sha biyun nan, mene ne laifinsu?"

"Ba su da laifi, Baba."

"Kana samun barci bayan ka gama da su?"

"Ba sosai ba."

Tsohon ya ce, "Da ka ce min eh, da ka tashi ka ba ni wuri. Na ba ka ita."

Ita kuwa tana bayan ƙofa, ta toshe baki kada a ji kukanta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mahaifinta ya riƙe hannuwansu, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya bar ku tare, Ya sa ku ga ranar da kejin nan zai zama wayam."