Mai Fasa Lu'ulu'u

Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, Hafiza na tsaye a shagonta tana kallon ƙanƙara tana narkewa, sai ga wani dogo mai tabarau yana neman ruwan sanyi.

"Babu," ta ce a fusace. "Wayoyin lantarkin garin nan sun fi murhu zafi."

"Maganin abin nake nema," in ji shi.

Sunansa Nazifi, ɗan Dabaga, ya zo hutu daga wani labo, ɗakin binciken kimiyya, na ƙasar waje. Aikinsa matse iskar idrojan da ɗan ƙarfe tsakanin lu'ulu'u biyu, matsi irin na can tsakiyar ƙasa, har abin ya zama hanyar da lantarki zai bi ba zafi ba asara. Rabin bayanin ya wuce Hafiza, amma mai bayanin ya zauna mata daram.

Bayan la'asar saƙo ya shigo: "Ƙanƙarata, tun da na bar shagonki ban huce ba."

Ba a jima ba Nazifi ya je neman aurenta. Mahaifinta, Alhaji Inoussa, wanda ya yi arziki a ramukan zinariya na Djado, da jin lu'ulu'u ya washe baki, ya tambayi kasuwarsu.

"Ba ma sayarwa, Baba. Sau da yawa fashewa suke in matsi ya yi yawa, sai mu ɗauko wasu."

"Ka kunna ko ƙwan fitila guda?"

"Tukuna. Abin bai kai ƙwayar yashi ba."

Alhaji ya kakkaɓe riga. "Ba ni ba mai ɓarnar dukiya ɗiyata. Ga Mu'azu nan mai motoci yana jira."

Hafiza ta fito ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, rami nawa ka haƙa kafin ka ga zinariya?"

"Ke!"

"Shekara da shekaru ana kiranka mai tonon banza, Inna ba ta koma gidansu ba. Ni ɗiyarta ce. In ba Nazifi ba, gara in tsufa a kan ƙanƙarata."

Daga bayan labule Inna Tabawa ta ce, "Ba ta yi ƙarya ba, Alhaji."

Alhaji ya kalli tafin hannunsa mai kanta, sannan ya gyaɗa kai.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya riƙo hannun Nazifi ya matse.

"Ka fasa duwatsunka son ranka, Allah Ya sa a dace. Amma wannan da na ba ka, ko tsagewa ta yi, da ni za ka gamu. Allah Ya yi muku albarka."