Ganye Uku a Sarƙar Abir

Ba a taɓa yi wa Kawu Mukhtaru adalci a duniyar nan ba, kuma ya sha faɗa. Shi ya haɗa Abir, 'yar ƙanwarsa Maryama, da Taha. Shi ya yi zirga-zirga tsakanin gidajen biyu har takalminsa ya suɗe. Amma ranar da ya shigo falon gidan su Abir a unguwar Zahir ta Makka bayan la'asar, gemu ya sha lalle, turare na tashi, ko shayi ba wanda ya miƙa masa.

Alhaji Abdulƙuddus, mahaifin Abir, yana zaune fuska a murtuke. A kan tebur ga sarƙar baiko da Taha ya sayo daga Dablin, ƙasar Ailan, inda ya yi karatun haɗa magunguna: zinare siriri, da ɗan ganye kore mai kunne uku. Daga bayan ƙofa ana jin shessheƙar Abir.

Rakan, yayanta, shi ya tono zancen da bincike a wayarsa. Ya ce wai da wannan ganyen wani mai wa'azin Kirista ya koya wa mutanen ƙasar aƙidar uku cikin ɗaya, kuma har yau suna liƙa shi a ƙirji ranar bikin tunawa da shi.

"A Makka, Mukhtaru," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. "A wuyan 'yata. Magana ta ƙare. Ka ɗauki kayanku ka mayar. Babu aure."

Kawu ya tuna cewa shi ma Taha ya kawo masa tsarabar mayafin wuya na ulu mai irin wannan ganye, kuma tun ranar yake yawo da shi a kasuwa cikin zafin Makka, yana gumi yana cewa kayan Turai ne. Ya sa hannu a hankali ya tura shi cikin riga. Ya roƙi alfarmar a jira zuwa gobe, yaron ya zo ya yi bayani da bakinsa. Alhaji bai hana ba.

A bakin madafa Abir ta tare shi, idanu jawur. Ba ta roƙe shi komai ba. Cewa ta yi in mahaifinta ya yanke ba za ta saɓa ba, sai dai Allah ya san ba ta ga kowa a duniya kamar Taha. Wannan magana ta fi kuka tayar wa Kawu hankali.

"Share hawaye, ya binti, 'yata," ya ce. "Kina da kawu irina kina kuka? Ai cin fuska ne."

Dabarar ta zo masa ne a wurin mai sayar da ganye. Yana tsaye yana tausayin kansa, sai idonsa ya faɗa kan ɗaurin ɗanyar hulba. Ya ɗaga reshe ɗaya ya duba. Kunne uku cif. Ya yi murmushi, ya gode wa Allah da Ya yi shi mai basira, ya sayi tulin gaba ɗaya.

Ya kira Taha ya karanta masa darasi: in an tambaye shi, ya ce ganyen hulba ne, alamar masu haɗa magani, shi ke nan. Taha dai ya ce zai zo.

Washegari Kawu ya riga kowa isowa. Ya baje hulba kusa da sarƙar, ya shiga bayani kamar mai tallar magani a Mina. Ya ce hulba ce kakanninmu suka sha, hulba ake ba mai jego, yaro ya tuna gida a ƙasar sanyi ya sa an ƙera ta da zinare, sai a ce ya yi kafirci? Ya ce shi ba don kansa yake jin ciwo ba, ko da yake shi aka fi zalunta. Alhaji ya ɗauki reshe, ya ɗauki sarƙa, ya jera su a tafin hannu. Fuskarsa ta fara saki. Rakan ya buɗe baki, Kawu ya watsa masa harara ya rufe.

Ana cikin haka Taha ya yi sallama, ya durƙusa.

"Kawunku ya ce wannan hulba ce," in ji Alhaji. "Haka ne?"

Kawu ya yi tari. Ya ƙifta ido. Ya sake tari har maƙogwaro ya yi masa zafi.

"Ba hulba ba ce, ya ammi, baffana," in ji Taha. "Abin da Rakan ya faɗa gaskiya ne."

Wani abu ya faɗi a bayan ƙofa, kamar kofi.

Taha ya ci gaba. Ya ce a can ganyen yana ko'ina, a rigar 'yan ƙwallo, a kwalin biskit, yawancin mutane alamar ƙasarsu kawai suke gani. Ya ce ya taɓa tambayar wani abokin karatunsa Bayahude, haifaffen garin, tunda su ma ba su yarda da uku cikin ɗaya ba. Sai abokin ya ce a gidansu ma ba a daidaita ba: kakarsa tana liƙa ganyen duk shekara, ta ce ciyawar ƙasarta ce, ba ta coci ba, shi kuwa yana sa koriyar riga ranar bikin amma ba ya taɓa ganyen, don labarin wa'azin bai rabu da shi ba.

"To yanzu Bayahude ne muftinka?" Alhaji ya tambaya.

"A'a. Amma ya nuna mini akwai shakka, na sani. Na ga sarƙar ta yi kyau, na bi maganar kakar na bar tasa, ban tambayi malami ba. Laifina ne. In za a hana ni Abir, a hana ni a kan abin da na yi. Ba zan shigo gidan nan da ƙarya ba."

Kawu ya runtse ido. Ga aure ya dafa ya sauke, yaro ya sa ƙafa ya zubar.

Alhaji ya daɗe yana juya sarƙar. Sannan ya miƙa wa Taha.

"Kai wa maƙerin zinare ya narkar da ganyen, ya yi mata wani abu. Zinare yana narkewa. Da ka ce hulba ce, da na yarda yau, gobe na gano, kuma wannan ba wutar da za ta narkar da shi." Ya juya ga ƙofa. "Maryama, ki ce wa Abir ta kawo wa mijin da za ta aura gahawa."

Abir ta shigo da tire, tana kuka tana dariya. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda ya riƙe gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, shi ya cancanci a ba shi 'ya.

Kawu ya gyara zama ya sanar cewa dama gwaji ya shirya wa yaron, kuma ya ci. Ba wanda ya gode masa, kamar kullum.

"Madalla da gwaji," in ji Alhaji. "Ciro abin da ke cikin rigarka ka ajiye. Maryama, a dafa wa yayanki hulbarsa. Duka. Ba zai tashi ba sai ya shanye."