Ƙarshen Fim Ɗin da Ba Abatcha Ya Yanke

Dutsen farko ya faɗo ne bayan sallar magariba, Mairam na tsugune tana kwashe tuwo. Ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya, na uku ya fasa randa. Mijinta Alamin ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga ko kaza ba. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya ji shi da ɗumi. Kuma kowa ya san ƙasar Nguru yashi ce, ba a tsintar irin wannan dutse a hanya.

Washegari aka sake, jibi ma haka. Daga nan aka fara jin murya daga jikin bangon gabas, bangon da aka shafa wa farar ƙasa, wata irin sheshsheƙa ta babban mutum da ke jin kunyar a ji kukansa. A rana ta huɗu 'yarsu Haula, wadda ta zo hutu daga jami'ar Gashua, ta je ta zauna gaban bangon ta ƙi tashi. Ta daina ci, ta daina magana. Fuskarta ta yi nauyi, fatar idonta ta sauko, har uwar da ta haife ta ta riƙa kawar da kai.

Wannan bango na mahaifin Alamin ne, Ba Abatcha. Shi ne ya yi shekaru yana juya injin majigi a wani gidan silima da aka rufe tuntuni. Da aka rufe, ya kwaso injin da gwangwanayen fim ya kawo gida. Kowa na son fim ɗin rawa da waƙa, shi kuwa tsohon nan dodanni yake so, na tsofaffin finafinan baƙi da fari. In ka zauna kusa da shi ka shiga uku, don sai ya yi maka bayanin yadda ɗan wasa ke tsoratar da mutum da kafaɗa kawai. Akwai guda da ya fi ƙauna, na wani dodo mai fuska kamar ɓawon kuka, wanda ke zaune a kogo yana saukowa gari satar burodi. "Ku dubi idonsa," in ji shi, "tsoro yake ji ya fi ku." Duk Alhamis da almuru yakan haska shi a bangon, har ciwon ido ya makantar da shi, inji ya koma ƙarƙashin gado.

Kwana tara Haula ba ta sa komai a ciki ba sai ruwan da ake ɗura mata da cokali. An kai ta asibiti, an yi ƙarin ruwa, an ce ba a ga komai ba. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Mairam ta kama rigar mijinta a tsakar gida ta ce, "Baban Haula, yarinyar nan mutuwa za ta yi muna kallo." Da asuba Alamin ya hau motar Gashua, ya dawo da Malam Mu'awiya kafin la'asar.

Malamin ɗan ƙaramin tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya yi alwala, ya zauna gefen tabarmar Haula, ya fara karatu rana na faɗuwa. Tsakar gidan ta yi tsit, ko tantabarun maƙwabta ba a ji. Ya kai kusan rabin sa'a yana yi kafin yatsun ƙafarta su fara rawa. Sai bakinta ya buɗe, murya ta fito, kakkaura, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita ce ta fi kusa da ni da na faɗi." Muryar ta ja numfashi. "Tun a gidan silima nake zama a bencin baya. Da aka rufe na biyo injin. Ban taɓa taɓa ko cokalinsu ba. Su ne suka binne shi da rai."

"Suka binne wa?"

"Na kogo. Shekara arba'in ina ganinsa yana shiga kogonsa, ya waiwayo, a tashi lafiya. Ran nan suka bar mutanen gari suka toshe masa ƙofa da duwatsu. Yana bugawa, yana bugawa."

Nan take Alamin ya gane. Sati biyu da suka wuce ya samo fim ɗin dodon a waya, ya aro ƙaramin majigi, ya haska wa tsohon don ya ji sautin ko ya yi farin ciki. Tsohon ya yi barci tun kafin a kai tsakiya. Su kuwa suka kalla har ƙarshe, Haula na zaune daf da bangon.

Daga ƙofar ɗaki Ba Abatcha ya ce, "Alamin, har ƙarshe ka haska?"

"Har ƙarshe, Baba."

"Kai, wannan yaro. Ni tun ranar da fim ɗin ya zo hannuna na sa almakashi na cire wurin. Zuciyata ba ta iya ɗauka ba. Duk Nguru ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen nan." Ya lallubo bango, ya taho, ya durƙusa kusa da jikarsa. "Malam, a ba ni izini in yi masa magana."

Malam Mu'awiya ya dube shi. Bai saba barin kowa ya sa baki ba, amma ya ga numfashin yarinyar na raguwa. Ya ce, "Yi, Baba, amma ban da ƙarya. In ya kama ka da ita, ba zai fita ba."

Tsohon ya juya makafin idanunsa wajen muryar. "Bawan Allah, ku aljanu in kun sauya kama, da gaske kuke sauyawa. Mu ba mu iya ba, sai mu shafa fenti. Wancan na kogon ɗan wasa ne, mutum kamata. Tun asuba ake zaunar da shi ana liƙa masa fuskar nan, ya sa takalma masu nauyi, ya yini cikin zufa. Duwatsun ma na kwali ne. Da aka gama ya wanke fuskarsa ya tafi gida ya ci abinci."

"Kukan da ya yi fa?"

"Wannan nasa ne. Ba a liƙa shi. Shi ya sa babu kamarsa."

Mairam ta toshe bakinta da mayafi.

"Yana raye?" in ji muryar.

Kowa ya dubi tsohon. Alamin yana gyaɗa masa kai ya ce e, ya manta ba ya gani. Ba Abatcha ya girgiza kai.

"Ya rasu tun kafin a haifi uban yarinyar nan. Da tsufansa, a kan gadonsa."

Jikin Haula ya sandare, bayanta ya lanƙwashe. Wani dutse ya daki kwanon rufi har ƙura ta zubo. Mairam ta yi kururuwa ta faɗa kan 'yarta, Malam ya ɗaga murya da karatu. Can sai jikin ya saki, hawaye suka gangaro ta gefen kunnuwanta.

"A kan gado," in ji muryar a hankali. "To, da sauƙi."

"Ka ji gaskiya," in ji Malam. "Yanzu fita, ka ji tsoron Allah."

"Zan fita. Amma a ba ni fim ɗin da aka yanke wa ƙarshe, da injin. A kai mini cikin tudun yashi, hanyar Yusufari, a ajiye, kada a waiwaya."

"Ba ka da haƙƙin komai a gidan nan," in ji Malam.

"Na ba shi," in ji Ba Abatcha da sauri. "Har sauran gwangwanayen, duka. Shi ne kaɗai ya taɓa kallo da ni bai yi surutu ba."

Malam ya karɓi alkawarinsa sau uku, cewa ba zai dawo ba, ba zai taɓa kowa na gidan ba. Haula ta yi atishawa mai ƙarfi, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ya tsaya.

Ta daɗe kwance kafin ta buɗe ido. Mairam na kiran sunanta, Alamin na ta salati, kowa na cewa ta dawo. Tsohon kaɗai bai da hanyar gani. Ya miƙa hannuwansa biyu ya lallubo goshinta, ya bi girarta da yatsa, ya shafa fatar idon, ya sauko kumatun da suka rame.

"Ke ce?"

"Ni ce, Kaka," in ji ta, da muryarta. "Yunwa nake ji."

Ya kifa fuskarsa a tafin hannunta, ya fashe da kuka a gaban ɗansa da surukarsa, bai ji kunyar kowa ba.