Tallafi Ɗaya, Ƙungiya Biyu

A kan benci ɗaya suka haɗu, a barandar ofishin wata gidauniya da ta sanar za ta tallafa wa ƙungiyoyin unguwa masu kula da muhalli. Auta na zaune da ɗan bokiti a cinyarta, ta rungume shi kamar jinjiri. Ita ce ƙaramar gidansu, shi ya sa sunan ya bi ta har makaranta, har cikin ƙungiyar matan da take shugabanta.

Saurayin da ke gefenta dogo ne, gwiwoyinsa har suna neman taɓa bango. Ya daɗe yana satar kallon bokitin kafin ya yi magana.

"Baiwar Allah, abincin rana ne wannan? Ko za a sam min?"

"Taki ne," ta ce ba ta ko kalle shi ba. "In kana so bismillah."

Ya yi dariya har mutanen layi suka waiwayo. Ta buɗe murfin don ta kunyata shi, sai ya sa hannu ya ɗebo, ya murza, ya shinshina.

"Ƙamshin ƙasa bayan ruwa," ya ce a hankali. "Da me kuka yi?"

Ta faɗa masa. Ruɓaɓɓen kayan miya da ɓawon 'ya'yan itace da 'yan kasuwa ke zubarwa a kwalbati, su matan ke kwasowa, su tara a wani fili bayan makaranta, su juya har ya zama taki. Shi kuma ya ce Dogo ake ce masa, yana da shagon gyara shi da abokansa, suna karɓar fanka da rediyo da fitilun sola da mutane ke shirin jefarwa, su tashe su, suna kuma koya wa duk mai so.

Sai da jami'ar gidauniya ta fara bayani suka gane abu biyu. Unguwarsu ɗaya, kuma ƙungiya ɗaya tak za a ba tallafi a kowace unguwa.

"Ashe abokiyar hamayya na zauna kusa da ita," ya raɗa mata.

"Ai ka riga ka shinshina sirrinmu," ta ce. Wannan karon ta kalle shi, ta kuma yi saurin ɗauke kai.

Ranar Asabar sai ga shi a filin taki da cebur a kafaɗa, wai ya zo leƙen asiri. Ya juya tulin shara tare da su har gumi ya jiƙa masa riga. Matan ƙungiya suka yi ta ƙifta wa juna ido. Asabar ta gaba ma ya dawo, da wadda ke bin ta.

Saƙonni suka biyo baya.

"Shugaba, na wanke hannu sau ba adadi, har yanzu ƙamshin aikinki nake ji. Ina ganin ba a hannun yake ba."

Ta karanta, ta kife wayar a kan gado, ta sake ɗauka.

"Mai gyara, ka je asibiti."

"Na je. Sun ce maganin yana bayan makaranta, ranar Asabar."

Ba ta san lokacin da Shugaba ta koma Autata ba. Ta dai lura ta fara ajiye masa ruwan sanyi, kuma duk ranar da ya makara sai ceburinta ya yi mata nauyi.

Wata rana ya rubuto mata: "Autata, me zai hana mu haɗa ƙungiyoyin nan mu nema tare? Ku taki, mu gyara. Ba na son in tsaya a gabansu ina fatan ki faɗi."

Daɗi ya cika ta, har ta kasa riƙe maganar a ciki. Da yamma ɗan aminin Babanta ya zo gaisuwa, wani ma'aikacin banki mai natsuwa wanda iyayen biyu suka daɗe suna yi wa sha'awar Auta. Ba ta ƙinsa, ba ta kuma sonsa. Yaya take ce masa. Ta ba shi labarin haɗakar tana murmushi.

Ya ce, "Ƙanwata, kin karanta sharuɗan da kyau? Ƙungiyar da ke da mata a shugabanci an fi ba ta maki. Su kuwa duk maza ne. Ban ce ba ya sonki ba. Na dai ce ki tambaya."

Washegari ta sami Dogo a shagonsa, ya sunkuya kan wata fanka da ya buɗe.

"Ka san da sharaɗin mata?"

Ya ajiye sukundireba. Ta so ya ce bai sani ba.

"Na sani," ya ce. "Shi ne ma ya fara kawo min tunanin haɗawar, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba shi ya kai ni filinku ba."

"Ta yaya zan bambance?"

Ya mayar da idonsa kan fankar.

"To ka janye," ta ce. "In ni kake so, ka bar tallafin."

"Auta, ba nawa ba ne. Abokan aikin nan nawa sun sa rai. Da ni kaɗai ne, da na bari tun ranar da na gan ki."

Ta juya ta tafi. A hanya abin da ya fi cinta shi ne sanin cewa da ita aka tambaya, amsar da za ta bayar ke nan. Ita ma ba za ta sayar da gumin matan nan don a yarda da sonta ba. Duk da haka zuciyarta ta ƙi sauka.

Kowa ya nema shi kaɗai. Ta tsaya gaban kwamiti ta yi bayani, shi ma ya yi nasa, suka wuce juna a baranda da gaisuwar baƙi. Da sakamako ya fito, matan taki aka ba. Filin ya kaure da murna, ana rungume-rungume, ana lissafin baro da safar hannu da rumfar da za a kafa. Auta ta yi dariya tare da kowa, amma idonta na kan waya. Sai ga saƙon Dogo.

"Barka, Shugaba. Kun cancanta, ko ni ne alƙali ku zan ba."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge.

Asabar na zagayowa ta hango shi daga nesa, da ceburinsa, ya riga kowa zuwa. Ta tsaya a bayansa ta naɗe hannu.

"Yanzu kuma me kake nema? Ai an gama rabo."

Ya miƙe ya share goshi. "Abin da nake nema ba a raba shi ba tukuna."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya zo mata tare da dariya. "Ka yafe min," ta ce.

"Tambayarki gaskiya ce, Autata. Ni ne ban faɗa miki tun farko ba."

Sai dai da maganar aurensu ta isa gida, Baba ya ce a'a. Tsohon direba ne, mutum mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ya kira ta falo, Mama na gefe tana ninke wanki.

"Auta, na taɓa tuƙa motar wani shirin dashen itatuwa," ya ce. "Muka dasa, muka yi ban ruwa, aka ɗauki hotuna. Ranar da masu ba da kuɗi suka tafi, aka karɓe mota, aka rufe ofis, kowa ya watse. Da na koma wajen bayan shekara, sanduna na tarar a tsaye. Ke aikinki na tallafi, mai gyaran ma na tallafi, shi bai ma samu ba. In kuɗin ya ƙare, me za ku ci? Ga yaro mai albashi yana jiranki."

"Baba, ku yi haƙuri, amma..."

"Ban ce ba shi da kirki ba. Tsoro nake ji."

Wannan kalmar ta ratsa ta. Da faɗa ya yi, da ta san abin cewa. Ta kwana biyu tana juya maganarsa, har ta tambayi kanta ko filin takinsu ma zai koma sanduna wata rana. A taron ƙungiya ta kawo shawarar su fara sayar da takin ga masu lambu tun yanzu, kada su saba da jiran hannun wani. Matan suka amince.

Ta rubuta wa Dogo abin da Baba ya ce.

"Babanki bai yi ƙarya ba," ya amsa. "Kada ki ja da shi saboda ni, hasken idona. Zan jira."

Mama ce ta ɓullo da dabara. Ta ciro tsohuwar fankar ɗakin Baba da ta daɗe da mutuwa, ta ce masa zafi ya ishe ta, ya kai gyara da kansa. Ta kuma kwatanta masa shago ɗaya.

Baba ya tafi da safe, bai dawo ba sai la'asar. Auta ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana wasa da gefen mayafinta.

"Dogon naki bai san ni ba," Baba ya ce bayan ya sha. "Na zauna ina kallo. Mutane na shigowa da kayansu, suna biya, suna godiya. Wata tsohuwa ta kawo fitila, ya ce mata wannan ba ta gyaruwa, kada ta ɓata kuɗinta. Na tambaye shi, da kuka rasa tallafin nan, ba za ku rufe ba? Ya ce, Baba, mun ji zafi, don da mun sayi kayan aiki mun ƙara ɗalibai. Amma tun kafin a san da tallafi muke buɗe ƙofar nan kullum."

Ya jona fankar. Ta fara juyi a hankali, iska ta kaɗa labule.

"Ki ce masa ya turo manyansa."

Ma'aikacin banki ya ji labari, ya zo da kansa ya yi mata fatan alheri, ya ce ya ji daɗi da tambayar ta sami amsa.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar. Matan taki da samarin gyara suka cika gida, ana ta tsiya kan wace ƙungiya ce ta yi riba. Mama ta riƙe hannun Auta ta yi mata nasiha har muryarta ta dushe. Baba kuwa da aka zo sallama sai ya dafa kanta kawai ya shige ɗaki.

Motar da ta ɗauko ta da Dogo ta ɗan yi nisa ke nan wayarta ta yi ƙara. Baba bai taɓa tura wa kowa saƙo ba, kullum cewa yake yatsunsa sun yi wa madannai girma.

"Auta Allah ya yi miki albarka ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. ki riƙe yaron nan da kyau. ni ne Babanki"

Ta miƙa wa Dogo wayar tana kuka tana dariya. "Ka ji, wai shi ne Babana. Ya zaci ba ni da lambarsa."

Dogo ya karanta har ƙarshe, ya damƙe hannunta a cikin nasa.

"Amin, Baba," ya ce. "Amin."