Hon ɗin Motar Burodi

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na ranar Juma'a, Sufeto Abdulrauf ya dawo daga masallaci. Bai ko aje darduma ba wata mata ta faɗo ofishinsa a komisariyar 'yan sanda ta Garuwa tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Shef, kamiyo! An sace mana mota!"

Sufeto mutum ne da ba ya son gaggawa sai in tasa ce. Ya nuna mata benci, ya sa aka kawo mata ruwa, sannan ya ce ta fara daga farko.

Sunanta Hortense, shugabar mata manoman dankali ta wani ƙauye a bayan Mokolo. Su ashirin da uku suka sayar da awakinsu, suka sayi tsohuwar motar raba burodi a hannun Alhaji Bukar mai gidan burodi. Mako uku ke nan motar tana garejin Ahmad mai walda. An yanke akwatin bayanta, an ɗora mata buɗaɗɗen bodi na buhuna, an liƙa mata ƙugiyar jan amalanke. Gobe za ta tafi da ita gida. Dankali an riga an haƙe shi yana tule a gona, damina ba ta ƙare ba, masu saye daga kudu kuma ran Litinin za su yi lodi a Mokolo. In babu mota, noman shekara guda zai ruɓe suna kallo.

Yanzu kam gaggawar ta zama tasa. Ya suri makullin babur ya ce ta hau baya.

A gareji suka tarar da Ahmad zaune bisa tsohuwar taya, ya rafka tagumi hannu biyu. Ya rantse ya kulle ƙofa kafin ya tafi masallaci. Sufeto ya ɗaga kwaɗon ya juya shi. Ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya, shef."

"Yana ina?"

"A aljihuna."

"To aljani ne ya buɗe, ko kai ne ba ka rufe ba?"

Ahmad ya sosa ƙeya. Da ƙyar ya yarda cewa rataye kwaɗon yake yi kowace Juma'a ba ya datsewa, don yana wahalar buɗewa. Hortense ta yunƙuro za ta shaƙe shi, Sufeto ya shiga tsakani.

A nan ya tsinci abu biyu. Na farko, da safen nan aka manne gilasan motar da takardar buhun siminti saboda za a yi feshin fenti, 'yar kafa kawai aka bari a gaba. Na biyu ya fi daɗi: motar ba ta tashi da makulli kaɗai, sai an buɗe wani famfon mai da ke ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba. Ahmad ya ce shi kansa sai da ya yi yini guda kafin ya gano shi.

Ran Sufeto ya yi fari. Ɓarawon ba baƙon motar ba ne.

Alhaji Bukar ya tarbe su da fara'a mai yawa, irin wadda ke sa ɗan sanda ya ƙara buɗe ido. Ya yi ta gaishe su da Fulatanci, "jam na, jam na," ya sa aka kawo burodi mai zafi. Ya ce makulli ɗaya ne ya bai wa madam, babu wani, famfo kuma bai taɓa jin labarinsa ba.

"Wa ke tuƙa ta da?"

"Direbobi suna zuwa suna tafiya, shef."

"Shekara nawa tana hannunka?"

"Sha huɗu."

"Direbobi nawa?"

Alhaji ya tsaya gyara babbar riga. Ashe ɗaya ne tak, wani Eugène, kuma ya sallame shi ranar da aka sayar da motar. Da aka tambaye shi inda yake zaune, sai ya ce ya ji kamar ya koma garinsu. Sufeto ya cinye burodin, don burodin ba shi da laifi, amma bai yarda da ko kalma ɗaya ba.

Suka koma layin garejin suna bin shaguna ɗaya-ɗaya. Kowa ya ce yana masallaci, ko yana cin abinci. Har Hortense ta fara share hawaye da gefen zane, sai suka iso shagon Madeleine a kwanar layi na uku, wata ƙatuwar mata mai sayar da sukari da madara.

"Ban ga motar burodi ba," in ji ta, "amma na ji ta. Har na fito da kwano kamar wawiya."

"Kin ji ta kamar yaya?"

"Hon biyu gajeru, ɗaya dogo. Shekara da shekaru haka Eugène yake yi mini in ya kawo burodi. Na fito a guje, sai na ga wata mota tsirara, gilashi duk takarda, ta wuce."

"Kin ga direban?"

"Ta ina zan gan shi? Kamar an ɗaure wa motar ido."

Sufeto ya juya ga Hortense. Ta ce ita da Ahmad sun bi wannan layin sau huɗu suna gwada motar, sun danna hon son ransu, ba wanda ya fito da kwano.

Daga nan aikin ya koma kamar wasa. Madeleine ta nuna musu shago na gaba da ake kai wa burodi, mai shagon ya ce shi ma ya ji, har ya miƙe. Shi kuma ya nuna na gaba. Sufeto yana tuƙi yana dariya shi kaɗai, Hortense a baya tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya ƙara wuta. Shago tara suka bi, duk labari ɗaya. Ɓarawon ya gudu da mota, amma ta tsohuwar hanyar raba burodi ya bi, yana gaida kwastomomi.

Shagon ƙarshe yana gab da gangaren kogin Binuwai. Bayan sa akwai wani kango da ake buga bulo a da. Sawun taya ya shiga ciki bai fito ba. Suka ɗaga zanar da aka jingina, sai ga ƙugiyar Ahmad sabuwa fil tana ƙyalli. Hortense ta rungume bodin motar tana guɗa, tana kiran sunayen matan ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya.

Mota ta samu, saura mai laifi. Sufeto ya buga waya, kurata biyu suka zo. Ba a sha wuya ba aka samo Eugène, don gidansa bai fi jifa biyu daga kangon ba, garinsu kuwa ko hanyar bai kama ba. Ɗan gajeren dattijo ne mai furfura, rigarsa a goge tsaf.

Ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya. Ya ce makullinsa ya mayar wa patiron, wato Alhaji, motar kuma rabonsa da ita wata guda.

"Hon fa?"

"Shef, hon a mota yake, ba a hannuna ba. Duk garin nan sun san shi, kowa zai iya kwaikwayo don a ɗora mini."

Maganar tana da ƙafa, Sufeto ya san haka. Ba wanda ya ga fuska, kuma alƙali ba ya ɗaure mutum da ƙara. Sai ya saki fuska ya ba shi haƙuri, ya ce tunda ya zo, ya taimaka ya mayar musu da motar gareji, su ba su iya ta ba.

Eugène ya karɓi makullin madam ya hau. Aka yage takardun gilashi. Sufeto ya zauna kusa da shi, Hortense da kuratan suka hau baya. Tun daga gangare Sufeto ya ja shi da hira: tsadar gero, ramukan titi, yadda direbobin yanzu ba su san kulochi ba. A nan Eugène ya ware. Ya riƙe hannunsa da kyau a shago na farko da na biyu, Sufeto yana kallo ta wutsiyar ido. Amma da zancen ya kai ga yadda ake hawa tudu da tsohuwar mota, ya manta da kowa.

Suna shan kwanar Madeleine, yana tsakiyar magana, tafin hannunsa ya sauka bisa sitiyari. Biyu gajeru, ɗaya dogo.

Madeleine ta fito da kwanonta.

Eugène ya taka birki. Ya daɗe yana kallon hannun nan nasa, motar tana ta kaɗawa a ƙarƙashinsu.

"Ɗazu ma haka ya yi mini," ya ce a hankali. "Sai da na danna nake jin ƙarar."

Ya zaro makullin da ya yanka tun shekarun baya daga cikin safa, ya aje a cinyar Sufeto. Ya ce Alhaji ya yi masa alkawari a gaban ma'aikata cewa ranar da motar ta tsufa tasa ce. Sai ya wayi gari an sayar, an kuma sallame shi. Kullum yana bi ta gaban gareji yana leƙe. Ranar da ya ga an sa mata wutar walda ana yanka, bai ci abinci ba. Bai yi niyyar sayarwa ba, bai ma san me zai yi da ita ba.

Sufeto ya gane abin da Alhaji ke ɓoyewa, ya ƙudurta gobe sai ya zo ofis ya maimaita fara'arsa a rubuce. Tausayin dattijon ya kama shi ƙwarai, amma sata sata ce, kuma mata ashirin da uku ba su ci masa komai ba. Ya yi wa kuratan alama.

Da aka sa masa ankwa, Eugène ya roƙi a bar shi ya yi wa madam magana. Hortense ta sauko fuska a ɗaure.

"Madam, in kin kama tudun Mokolo da kaya, kar ki wuce giya ta biyu. In kina jan amalanke, ki tsaya ki ba ta ruwa a rabin hanya. Ba ta son a matsa mata."

Hortense ta dube shi, fushin ya ƙi zama. Ta ce ta ji, baba.

Aka tafi da shi a ƙafa, bai waiwayo ba. Ita kuwa ta hau kujerar direba, ta laluba ƙasa ta tabbatar famfon a buɗe yake, ta ce a gaya wa Ahmad ya riƙe fentinsa, dankali ba ya jiran kwalliya. Da za ta tashi ta kai hannu kan hon, sai ta fasa, ta ɗaga wa Madeleine hannu kawai.